Fosforas: Sinadarin da Gonakin Mashi Ke Jin Yunwarsa

Duk manomin da ya taɓa sayen buhun kamfa a kasuwar Mashi ya ga lambobi uku a jikinsa, ko 15-15-15 ko 20-10-10. Mai shago zai faɗa maka farashi, zai faɗa maka kamfanin da ya haɗa takin, amma da wuya ka samu wanda zai zauna ya warware maka abin da lambobin ke nufi. Ta farko ta naitirojin ce, wanda ke sa ganye ya yi kore shar. Ta ƙarshe ta fotasiyam ce, mai ƙarfafa kara, mai taimakon shuka ta jure fari da cuta. Ta tsakiya kuwa ta fosforas ce, kuma a jigawar da ta tashi daga Mashi ta bi ta Mai'aduwa da Zango har Baure, babu sinadarin da ƙasa ta fi ƙaranci da shi kamarsa.

Masana ƙasa da suka shafe shekaru suna gwaji a kan gero a yankin Sahel sun daɗe da cimma matsaya a kan haka. A shekarar da ruwa ya yi daidai gwargwado, abin da ke hana zangarniya cika sau da yawa ƙarancin fosforas ne. Manomi a Majigiri ko Doguru ba zai kira shi da wannan suna ba. Cewa zai yi gona ta gaji, ko ƙasar ta mutu, ko inda mahaifinsa ke ɗaure dami hamsin shi da ƙyar yake haɗa ashirin. Maganar ɗaya ce.

Mai neman zinariya a Hambug

Ƙarfe da zinariya da azurfa da dalma, ɗan Adam ya san su tun kafin a fara rubuta tarihi, kuma babu wanda zai ce ga mutumin da ya fara gano su. Fosforas ne sinadari na farko da aka san sunan wanda ya gano shi da shekarar da ya yi hakan. Sunansa Hennig Brand, mutumin birnin Hambug na ƙasar Jamus, a shekarar 1669.

Brand yana cikin masu sana'ar alkimiyya, waɗanda suka yi imani akwai wani dutse da in aka same shi zai mai da dalma zinariya. Ya zuba dukiyar matarsa a wannan nema. Launin fitsari ne ya ja hankalinsa, ya ɗauka akwai zinariya a ciki. Sai ya tara shi da yawa, ya bar shi ya kwana biyu, ya dafa har ya zama kauri, sannan ya ƙara masa wuta mai tsanani ya tara tururin cikin ruwa. Abin da ya fito fari ne mai laushi, yana haske cikin duhu, da an fito da shi sarari kuma sai ya kama da wuta da kansa. An ƙiyasta cewa ta hanyar da ya bi, sai an dafa fiye da lita 1,000 kafin a samu giram 60.

Wannan shi ne farin fosforas. Zafin da bai wuce digiri 30 ba ya isa ya kunna shi, wato da za a ajiye shi a fili a Mashi cikin watan Afrilu, ba zai yi minti ɗaya lafiya ba. Shi ya sa har yau cikin ruwa ake adana shi.

Brand ya ɓoye sirrin na ɗan lokaci, daga baya ya sayar wa Johann Daniel Kraft, wanda ya riƙa yawo da shi fadojin sarakunan Turai yana nuna musu hasken da ba ya buƙatar mai. A 1680 Robert Boyle ya samar da shi a Landan, yaronsa Ambrose Godfrey kuma ya mai da abin kasuwanci ya yi arziki da shi. Sai shekara ɗari bayan aikin Brand, a 1769, wasu 'yan ƙasar Siwidin biyu, Johan Gottlieb Gahn da Carl Wilhelm Scheele, suka nuna cewa ƙashi cike yake da fosforas, aka koma fitar da shi daga tokar ƙashi. A 1777 Antoine Lavoisier na Faransa ya tabbatar da cewa sinadari ne mai zaman kansa. A jadawalin sinadarai da ɗalibai ke haddacewa a sakandare shi ne na 15, alamarsa P.

Gano shi cikin ƙashi ya buɗe babbar ƙofa. Yau mun san cewa kusan kashi 1 cikin 100 na nauyin jikin mutum fosforas ne, kuma kimanin kashi 85 cikin 100 na wannan yana cikin ƙashi da haƙori. Sauran yana cikin kowace ƙwayar halitta. Shi ne ginshiƙin sinadarin gado da ake kira DNA, shi ne kuma ke ɗauke da kuzarin da jiki ke motsi da shi. Haka yake a jikin saniya, haka a jikin gero. Babu wani abu mai rai da aka sani wanda ke rayuwa ba tare da shi ba, kuma duk fosforas ɗin da ke jikin yaron da ke karatun allo a Sonkaya, ta tuwo da fura da wake ya shigo, su kuma daga ƙasa suka ɗauko shi.

Ashana da abin da ta ci

Kakanninmu da ƙyastu suke kunna wuta, ko a aiki yarinya maƙwabta ta ɗebo garwashi a kasko. Ashana ce ta kawar da wannan, kuma fosforas ne ya haifi ashana. A 1830 wani Bafaranshe mai suna Charles Sauria ya sa farin fosforas a kan tsinke, aka samu ashanar da ke kamawa ko a ina aka ƙyasta ta. Masana'antu suka bunƙasa a Turai, amma matan da ke aiki cikinsu suka biya da lafiyarsu. Tururin sinadarin yana bi ta ramin haƙori ya ruɓar da muƙamuƙi, har sai an yanke ƙashin, wasu kuma su rasu. A 1888 mata da 'yan mata kimanin 1,400 na kamfanin Bryant & May a Landan suka yi yajin aikin da ya shiga tarihin ƙungiyoyin ƙwadago. Abin takaici, tun shekarun 1840 an riga an san jan fosforas, wanda ba shi da wannan guba, kuma 'yan Siwidin sun riga sun ƙera ashana da shi. Araha ce kawai ta sa aka ci gaba da farin, har sai da yarjejeniyar birnin Ban ta 1906 ta haramta shi. Jan abin da ke gefen kwalin ashanar da uwargida ke ajiyewa kusa da murhu, jan fosforas ne.

Daga ƙashi zuwa sufa

Manoman Ingila sun lura cewa garin ƙashi yana gyara gona, sai dai yana jinkirin narkewa. A 1842 John Bennet Lawes ya yi rajistar hanyar zuba wa ƙashi da dutsen fosfat ruwan asid, irin wanda ke cikin batir, don fosforas ɗin ya narke saiwa ta iya sha. Wannan taki shi ne wanda manomanmu ke kira sufa. A gonarsa ta Rothamsted ya kafa gwaje-gwajen da ake ci gaba da su har yau. A daidai wannan zamani Bajamushe Justus von Liebig ya yaɗa wata ƙa'ida da ya kamata kowane malamin gona ya riƙe: sinadarin da ya fi ƙaranci a ƙasa shi ke yanke yawan amfanin da za a girbe, komai yawan sauran.

Daga nan duniya ta shiga farautar fosforas. An kwashe kashin tsuntsayen teku da ya taru shekaru aru-aru a tsibiran Peru. Amurka ta yi doka a 1856 da ta ba 'yan ƙasarta damar mallake duk tsibirin da suka samu irin wannan kashi a kai, muddin babu mai shi. Tsibirin Nauru da ke tekun Fasifik an haƙe kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasarsa, aka bar wa mutanensa kufai, gonakin Ostareliya da Niyuzilan kuma suka yi kore.

Mu ma mun shiga wannan ciniki, ta ƙofar da ba mu lura ba. Da jirgin ƙasa ya iso Kano, daga 1912 noman gyaɗa ya bunƙasa a Kano da Katsina da Daura. Aka riƙa tara buhuna ana gina dala, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka yi suna, har Nijeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa a shekarun 1960. Muna tuna wannan zamani da alfahari, kuma ya cancanta. Amma kowane buhu da ya gangara Legas ya hau jirgin ruwa ya tafi da wani kaso na fosforas ɗin jigawarmu. A Turai aka matse man, ƙulin ya zama abincin shanunsu, kashin shanun ya zama takin gonakinsu. Shekara fiye da hamsin ana haka. Ƙasa kamar rumbu ce, in ana ɗiba ba a zubawa, ran da za a ga gindinsa na nan tafe.

Masu bincike a Samaru, cibiyar da aka kafa a 1922 ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sun gano matsalar da wuri. Tun shekarun 1950 gwaje-gwajensu suka nuna cewa gyaɗa na amsa sufa fiye da kowane taki, kuma da shi malaman gona suka fara shiga ƙauyuka. Dalilin a fili yake. Gyaɗa da wake suna da ƙulalai a saiwa da ke jawo naitirojin daga iska, don haka ba su cika buƙatar uriya ba, amma ƙulalan ba sa aiki sai da fosforas. Ga shi kuma sufa na ɗauke da kalsiyam da ƙibiritu, waɗanda gyaɗa ke so don ƙwanso ya cika. A 1976 gwamnatin tarayya ta buɗe masana'antar sufa a Kaduna, mai ƙarfin tan 100,000 a shekara. Da dutsen fosfat na ƙasar Togo ta riƙa aiki, alhali akwai irinsa kwance a yankin Dange da Shuni na jihar Sakkwato. Masana'antar ta yi ta tangal-tangal har aka sayar da ita, kuma yau manomin gyaɗa na iya zagaye kasuwa bai samu buhun sufa ko ɗaya ba.

Yadda iyayenmu suka ciyar da ƙasa

Kafin takin zamani, ƙasar nan ba a banza ta ciyar da jama'a ɗaruruwan shekaru ba. Akwai hanyoyin da fosforas ke komawa gona, ko da babu wanda ya san sunansa.

Bayan kaka, Fulani na sauka a gona da garke, shanu su ci kara da harawa su bar kashi, mai gona ya ba da dame ko tiyoyin hatsi. Saniyar da ta yi kiwo a daji da rana ta kwana a gona, tana kwaso sinadarin daji ne tana saukewa inda za a shuka gero. Da rani jakai na jigilar takin gida da toka da juji a mangala, ana jibge su tsibi-tsibi kafin ruwa ya sauka. Da wannan dabara ce karkarar Kano ta riƙa noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da ta mutu ba, abin da ya ba masu binciken ƙasashen waje mamaki. Gawo kuma, da saiwarsa mai zurfi, yana jawo abin da ke can ƙasa ya zubar da ganye da damina, shi ya sa geron gindinsa ya fi na fili. Gonar da ta gaji a bar ta saura shekara uku ko biyar.

Har hazon hunturu yana da nasa rabo. Yawancin ƙurar da ke rufe mana sama daga Disamba zuwa Fabrairu daga kwarin Bodele na arewacin Chadi take tasowa, inda a da can wani ƙaton tafki ya kwanta, ya ƙafe ya bar ragowar halittun ruwa. Ƙurar na ɗauke da sinadarai tana yayyafa wa gonaki. Wani bincike da aka yi da tauraron ɗan Adam na hukumar NASA, aka wallafa a 2015, ya ƙiyasta cewa ƙurar Sahara na kai kimanin tan 22,000 na fosforas dajin Amazon a Kudancin Amurka kowace shekara. Abin da ke sauka mana alheri ne, amma bai kai ya maye abin da girbi ke kwashewa ba.

Duba yanzu abin da ya rage. Jama'a sun yi yawa, an raba gandu tsakanin magada har babu mai iya barin saura. Kara da harawa sun zama kuɗi, ana kwashe su tas a ɗora a kan bishiya ko a kai kasuwa. Amana tsakanin manomi da makiyayi ta yi rauni a wurare da yawa na jihar Katsina, kuma ban da rayuka da dukiyar da rikicin ya ci, ya ci takin da garke ke bari. Hatsi kuma na fita daga ƙauye zuwa birni, abin da ke cikinsa ya ƙare a masai da kwata, ba ya komowa.

Abin da uriya ba za ta yi ba

A ganina babban kuskuren da ke faruwa a gonakinmu shi ne fifita uriya. Ba na zargin manomi. Ya zuba uriya yau, bayan mako ɗaya gona ta yi kore, kowa ya wuce sai ya yaba. Fosforas ba ya nuna kansa haka. Aikinsa a ƙarƙashin ƙasa yake: ya sa saiwa ta yi yawa ta nutsa da wuri, shuka ta yi 'ya'ya, ta yi fure a kan kari, ƙwaya ta cika. A wurin da damina ba ta wuce wata huɗu ba, geron da ya nuna da wuri shi ke tsere wa ɗaukewar ruwa. In ka ga masara ta tsugune tana ƙarama, gefen ganyenta ya yi ja-ja zuwa shunayya, yunwar fosforas ce, kuma buhu goma na uriya ba za su warkar da ita ba.

Akwai kuma ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Manoma sun san a mataccen fili ya fi yawa, kimiyya kuma ta gano dalili. Idan dawa ko gero suka rasa fosforas, saiwarsu na fitar da wani sinadari don kiran wasu ƙananan halittu na cikin ƙasa da ke taimaka musu nemo shi. Irin ƙuduji da ke kwance shekara da shekaru, wannan sinadari yake jira ya ji kafin ya tsiro ya maƙale wa saiwar. Ciyar da ƙasa da fosforas na rage wannan kira.

Wani hali na fosforas da ya kamata masu rabon taki a ofisoshin gwamnati su sani shi ne ba ya tafiya cikin ƙasa. Naitirojin na bin ruwa ya isa saiwa, shi kuwa kusan inda aka ajiye shi nan yake zama. Dole a sa shi lokacin shuka, kusa da iri, a rufe. Takin tallafin da ke isowa bayan an gama noman farko, a watsa shi a saman kunya, rabin amfanin fosforas ɗinsa ya riga ya wuce a wannan damina.

Maroko, Daura da farashin buhu

Naitirojin daga iska ake samo shi da taimakon iskar gas, kuma Nijeriya na da gas. Shi ya sa muke da masana'antar Indorama a jihar Ribas da masana'antar Ɗangote a Legas, wadda aka buɗe a Maris 2022 mai ƙarfin tan miliyan 3 na uriya a shekara. Fosforas ba a ƙera shi. Sai dai a haƙo dutse, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na dutsen fosfat da aka tabbatar a duniya yana hannun Maroko, ƙarƙashin kamfaninta na OCP da aka kafa a 1920.

A Disamba 2016 Sarki Muhammad na Shida na Maroko ya ziyarci Abuja, aka ƙulla yarjejeniya da gwamnatin marigayi Muhammadu Buhari, ɗan Daura. A ƙarƙashin shirin takin shugaban ƙasa, an riƙa shigo da fosfat daga Maroko da fotash, wato takin fotasiyam, daga Turai, ana gauraya su da uriya da farar ƙasa na gida. Masana'antun haɗa taki da suka daɗe a rufe suka farfaɗo, buhun 20-10-10 ya sauka a kan naira 5,500 a farashin hukuma. A 2019 kuma aka sa hannu a dokar kula da ingancin taki, don hukunta masu cuɗa shi da yashi. Shirin ya yi amfani, manoma sun shaida. Amma bai canza tushen matsalar ba: da dala ake sayo fosfat. A 2008 farashin dutsen ya ninka kusan sau takwas a kasuwar duniya. A 2021 Sin ta taƙaita fitar da nata, a Fabrairu 2022 yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke, sannan naira ta faɗi. Buhun naira 5,500 ya ninka sau da yawa, ya fi ƙarfin mai gayauna.

Shugabannin Afirka sun taru a Abuja a watan Yuni 2006 suka yi alkawarin ɗaga amfani da taki daga kilo 8 zuwa kilo 50 a kowace hekta kafin 2015. Ba a cika ba. Sun sake taruwa a Nairobi a Mayu 2024.

Darasi daga tsallaken iyaka

Ƙaramar hukumar Mashi na iyaka da Jamhuriyar Nijar, ƙasa iri ɗaya, harshe ɗaya, gero ɗaya. Da yake taki ya fi tsada a can, sun riga mu koyon tattalinsa. A cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, masana irin su André Bationo suka gwada zuba ɗan kaɗan a ramin shuka maimakon watsawa. Cikin murfin kwalbar lemo guda na kamfa, kimanin giram 6, a kowane rami. ICRISAT ta ba da rahoton ƙarin amfanin gero da dawa daga kashi 44 zuwa 120 cikin 100 a gonakin manoma a Nijar da Mali da Burkina Faso. Aikin na cin lokaci da ƙarfi, kuma in ba a haɗa da takin gida ba ƙasa na iya ci gaba da ramewa a hankali, amma ga mai ƙaramin ƙarfi babu hanyar da ta fi ta mayar da kuɗi. An kuma buɗe shagunan da ke sayar da taki a ƙananan ƙulli, tunda ba kowa ke iya buhu ba. Dutsen fosfat na Tawa ma an gwada niƙa shi a zuba kai tsaye. Yana jinkirin narkewa, ya fi aiki in an cuɗa da takin gida, amma amfaninsa na daɗewa a gona.

A jihar Maraɗi kuma, matan ƙungiyar manoma ta FUMA Gaskiya, waɗanda galibi gonaki mafi nisa da rauni ake ba su, suka koma ga abin da Brand ya fara da shi. Suna tara fitsari a jarka su rufe wata biyu zuwa uku don ƙwayoyin cuta su mutu, su zuba wa gero. Suka sa masa suna Oga don kawar da ƙyama. Gwajin da aka yi tare da cibiyar binciken noma ta Nijar, INRAN, tsakanin 2014 da 2016 ya nuna ƙarin amfani kimanin kashi 30 cikin 100. Na san zuciyar mai karatu za ta tafi ga batun najasa, kuma ya dace ta tafi. Malaman Malikiyya sun yi magana a kan hukuncin shukar da aka shayar da najasa tun ƙarnuka da suka wuce, haka kan fitsarin dabbar da ake cin namanta. Ya kamata malamanmu na Katsina da Daura su zauna da masana noma su fayyace wa jama'a, maimakon a bar maganar a rufe saboda kunya. Ko ba a je nan ba, fitsarin awaki da tumaki da ke tsiyayewa a turke asara ce da ɗan shimfiɗa ƙaiƙayi ko tattaka zai tare.

Gubar da ke cikin ɗaki

Sinadarin da ke rayar da gero yana kuma kisa. An yi ruwan bama-bamai masu ƙonawa, har da na fosforas, a kan Hambug a Yuli 1943, kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta tattara shaidar amfani da farin fosforas a kan unguwannin Gaza a yaƙin 2008 zuwa 2009. Amma haɗarin da ya fi kusa da mu yana cikin rumbu. Fiya-fiya da ake fesa wa sauro da kwari daga dangin fosforas take, haka ƙwayar da ake jefawa cikin buhun wake, wadda ke fitar da iska mai guba da ta ji danshi. Ajiye irin wannan buhu a ɗakin kwana na iya hallaka iyali. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan ragowar maganin ƙwari, wato waken da su suka ƙi shi muke dafa wa 'ya'yanmu. Buhun PICS mai ruɓi uku, wanda ke kashe ƙwaro ta hanyar hana shi iska, yana nan a kasuwanninmu kuma ba ya buƙatar ko ɗigon magani.

Kira na ga gwamnatin jihar Katsina da hukumarta ta bunƙasa noma, KTARDA. A auna ƙasar mazaɓun Mashi da ƙananan hukumomin shiyyar Daura, a sanar da sakamakon da Hausa a rediyo, don manomi ya san abin da gonarsa ta rasa. A dawo da sufa kasuwa domin masu gyaɗa da wake, a kilo ɗaya da kilo biyar, ba buhu kaɗai ba. Takin tallafi ya isa ƙauye cikin watan Mayu. Gwamnonin Arewa maso Yamma kuma su haɗa kai da gwamnatin tarayya a tantance yawan fosfat ɗin Sakkwato a fara sarrafa shi. Kai kuma manomi, in kuɗinka bai kai buhu ba, sayi tiyar kamfa, ka zuba murfi guda a kowane rami ranar shuka, ka raba shi da iri da ɗan yashi, ka kai takin turkenka gona kafin ruwan farko.